Mai Shinshinar Roba

Talata, bayan isha'i

Da safe ina layin shingen sojoji robar saman lagireton motata ta tsage, tururi ya turnuƙe. Kafin ka ce kwabo mutane sun watse, sun zaci bam ne, soja ya saita ni da bindiga yana ihu. Allah ne Ya kiyaye.

Sabon lagireto sai daga Kano, hanyar kuwa sai addu'a. Bakanike ya tura ni unguwar Gwange wajen Ba Modu, tsohon da ke liƙe bokiti da jarka.

Aikinsa ne ya tsaya mini a rai. Ya kankari bakin tsagar da wuƙar da ya gasa a garwashi, ya shinshina hayaƙin. Haka ya bi tarkacen robobinsa har ya sami mai irin warin, sannan ya narka ya liƙe.

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Malam, roba ba ta kama bare, sai danginta."

Ko ɗigo babu har gida. Ɗazu na ƙona murfin buta da guntun bokiti na shinshina, ni dai wari ɗaya na ji. Gobe kuma hancin Ba Modu zan dogara da shi in bi ta shingen nan.