Lallen Bayan Ɗaki

Asabar, 29 ga Mayu, 1999

Yau soja suka miƙa wa farar hula mulki. Mazan gidan nan sun wuni a zaure kan rediyon Yaya Isiyaku, wan mijina, sai ka ce da su za a raba muƙaman. Ni wanki na yi. Hajiya, surukata, ta ce ta ga soja ta ga farar hula, ba wanda ya taɓa yashe mata kwatar lungun nan. Mijin nawa, Ɗayyabu, bai ji komai ba, yana wajen aiki a Challawa, kamfanin fata bai san Asabar ba. Ya dawo bayan magariba yana warin jima, ya ci rabin tuwonsa ya ture kwanon.

Laraba, 9 ga Yuni

Rabona na sabuwar gwamnati ya iso. An yi wa malamai garambawul, an tura ni wata makarantar 'yan mata a Bichi. Shekara shida ina zuwa aiki da ƙafa. Yanzu shi kudu, ni arewa, unguwarmu Kabara a tsakiya.

Litinin, 14 ga Yuni

Ranar farko. Na fita ana idar da asuba. Acaɓa daga bakin lungu zuwa tashar Ƙofar Ruwa, ta gefen katangar maƙabartar Ƙofar Mazugal inda hanya ta fi ramuka. A nan nake ta duba agogo ina yi wa mai babur masifa ya yi sauri. Sannan zaman jiran bas ta cika. Na isa an gama darasin farko. Na dawo ƙafafuna sun kumbura, takalmin ma da ƙyar ya fita.

Amma kafin in fita na zuba wa lallen da ke bayan ɗakinmu sauran ruwan alwalata. Wannan kam ba zai canja ba.

Alhamis, 24 ga Yuni

Ɗayyabu ya ce mu tashi daga gidan nan. Har ya zana min hanyoyin a bayan kwalin sukari, mutumin Allah. Ko Panshekara kusa da aikinsa, ko gidan malamai a Bichi, ko kuma Rijiyar Lemo, inda zan hau mota ɗaya daga bakin titi, shi ya riƙa ratsa garin gaba ɗaya.

Na ce Panshekara ta yi min nisa. Na ce Bichi ta yi masa nisa. Rijiyar Lemo kuwa na ce babu ruwan famfo, alhali ban taɓa sa ƙafata can ba. Na ce adalci shi ne mu zauna a tsakiya, kowa ya sha rabin wahala.

Ya ce, "Safiya, wannan ba rabi ba ne. Kowa cikakkiya yake sha."

Gaskiyarsa. Na yi kamar ina neman murfin tukunya.

Juma'a, 25 ga Yuni

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda bakina ya ƙi.

'Yata Hauwa tana bayan ɗakin nan. Kwana biyar ta yi a duniya, damina biyu da suka wuce. Ba a kai ga ranar suna ba, sunan da ubanta ya raɗa mata a kunne ne, daga ni sai shi muka sani. Lokacin zazzaɓin jego ya kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na yi ta ihu a nuna min ita. Hajiya ta riƙe hannuna ta zagaya da ni bayan ɗaki, ta nuna min sabuwar ƙasa, ta ce jarirai irin wannan a gida ake ajiye su tun zamanin kakanni. A nan na dasa lalle. Yanzu ya kai ƙuguna.

Ni da Ɗayyabu ba mu taɓa yin zancenta ba. Ya yi shiru don kada hankalina ya tashi, na yi shiru don ya yi shiru.

Kuma kowa ya san ranar da muka bar sashen nan Yaya Isiyaku zai karɓa. Ya sha faɗa a gabana: zai malale tsakar gida da siminti, ya haƙa masai a bayan ɗaki. Masai. Ba zan tashi ba ko da rarrafe zan riƙa zuwa Bichi.

Talata, 6 ga Yuli

Babu mai a gari. Awa biyu a tasha. Firinsifal ta kira ni ofis ta ce 'yan aji uku sun fi sanin kujerata da fuskata.

Asabar, 10 ga Yuli

Na ƙona miya. Barci ya ɗauke ni a zaune kan kujera 'yar tsugunno da rana tsaka.

Alhamis, 15 ga Yuli

An kawo Ɗayyabu da la'asar, fatar hannunsa na dama a saɓule tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Gyangyaɗi ya yi a kan babur a hanyar Panshekara, ya faɗa gefen titi. Wata tirela tana bayansa, Allah ne kawai ya kiyaye. Shi yake kai ni bakin titi da asuba tun da mai ya yi wuya, sannan ya juya ya nufi nasa aikin, to ina barcin?

Ina wanke masa ciwon Hajiya na tsaye a kaina. Kallon da take yi min ya ishe ni.

Na tsorata. Wallahi na tsorata. Duk da haka da asuba na zagaya na zuba ruwan.

Laraba, 21 ga Yuli

Shekaranjiya Ɗayyabu ya ce ya samo gida a Rijiyar Lemo, ciki da falo, na wani Alhaji Nata'ala. Akwai rijiya a tsakar gida. Mai gidan ya ce zai jira amsa zuwa ƙarshen wata. Na ce unguwar ta cika hayaniya.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Ko dai zama da ni kaɗai ne ba kya so? In haka ne ki faɗa min, na gaji da zane-zanen hanya."

Bai taɓa yi min magana da wannan muryar ba. Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Lahadi, 25 ga Yuli



Bayan azahar na same shi a bayan ɗaki yana shanya bandejinsa a kan lallen. A kan lallen! Na fizge na jefar, na ce ba ka da kunya, a kan 'yarka? Daga nan komai ya zubo. Na ce ka tafi Rijiyar Lemo kai kaɗai, ni ba zan bar Hauwa a haƙa masai a kanta ba.

Ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Wace Hauwa?"

Na ce guda nawa muka haifa?

Sai ya zauna a ƙasa, a cikin laka, da farar rigarsa. Ya ce, "Safiya, ni na ɗauke ta da hannuna. A cikin tabarma. Ni da Yaya da liman muka kai ta Ƙofar Mazugal. Babu kowa a nan."

Na ce ƙarya yake yi don in yarda mu tashi. Ya ce in kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce shi duk zatonsa son shuka ne kawai ya kama ni bayan rasuwar, har murna yake na samu abin da zai ɗauke min hankali.

Shekara biyu.

Litinin, 26 ga Yuli

Ban je aiki ba. Na shiga ɗakin Hajiya tana jan carbi. Ko musu ba ta yi ba.

Ta ce, "Mabiyiya ce a wurin, ni na binne ta ranar haihuwa. Kina neman fita titi ba ɗankwali, jini na bin ƙafarki, kina cewa sai kin je kin tono ta. Me kike so in yi? Na nuna miki inda ƙafarki za ta iya kaiwa."

Na ce to bayan na warke fa, Hajiya?

Ta ce kullum tana cewa gobe. Ta ce da ta ga lallen ya yi ganye sai ta kasa.

Ta yi kuka. Ni ban yi ba. Na so in ce na yafe, tsohuwa ce, kuma ta yiwu ta ceci raina. Kalmar ta ƙi fitowa, sai na tashi na fita.

Laraba, 28 ga Yuli

Sati shida ina wuce katangar maƙabartar nan safe da yamma ina duba agogo. Ko sallama ban taɓa yi mata ba.

Yau na ce wa mai babur ya tafi a hankali. Ya ce Malama ba kya sauri yau? Na makara, firinsifal ta sake kira na.

Juma'a, 30 ga Yuli

Ɗayyabu ya kai ni maƙabartar bayan an sauko daga masallaci. Ni na tsaya a bakin ƙofa tunda mata ba sa shiga, shi ya shiga. Ina hango shi yana zagaye cikin ciyawa, ya je nan ya dawo, ya tambayi mai gadin wurin, ya sake komawa. Ya fi rabin awa.

Ya fito idonsa ja. Ya ce kaburburan yara ƙanana ne, damina biyu ta shafe su, an ma sake yin wasu a wajen. Ya ce wajen wata bishiyar darbejiya ne, ta gabas. Darbejiya ta fi ashirin a ciki.

Na yi addu'ar ina fuskantar gabas ɗin gaba ɗaya. A hanya ya ce zai je wajen Alhaji Nata'ala gobe. Na ce to.

Lahadi, 22 ga Agusta

Hutu. Ina ɗaure kaya. Ban zagaya baya ba tun ranar, ruwan sama ma ya wadatar da lallen.

Yaya Isiyaku ya aiko matarsa ta tambaya ko ina son a tone min lallen in tafi da shi. Na ce a'a.

Asabar, 4 ga Satumba

Mun tare. Mota ba ta shiga lungunmu, a kura aka fito da kayan zuwa bakin titi. Hajiya ta rako ni har zaure ta ba ni ƙullin daddawa da kuka. Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya saka. Iyakar abin da na iya ke nan.

Talata, 28 ga Satumba

Minti arba'in zuwa makaranta. Ni ce ta biyu a rajistar zuwa. Shi kuma yanzu yana ratsa Kano daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ya rame, tarin da aikin kamfani ke sa shi ya dawo. Bai taɓa ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi damuna. Motar Bichi ba ta bi ta Ƙofar Mazugal.

An ce an zuba simintin.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Ba wani abu. Igiyar guga ta tsinke, Alhaji ya ce sai Asabar.

Da asuba na gama alwala, ruwa ya rage a buta kamar kullum. Har yau hannuna bai daina ragewa ba. Tun da muka zo nan a makwarara nake juye shi. Yau ina tsaye da butar sai ga Ɗayyabu ya fito yana laluben takalmi, ido rabi a rufe, hannun nan mai tabo a waje. Na miƙa masa. Ya tsuguna, na tsaya har ya gama, har na ce ya wanke bayan kunnensa da kyau.

Ruwa ne ya yi ƙaranci a gidan, shi ya sa.