Hannun Da Fiyanonka Ya Danne

Zuwa ga matashin gwanin fiyano ɗan ƙasar Japan, jagoran makaɗan da duniya ke yi wa tafi,
Ta hannun kamfanin da ke shirya masa tafiye-tafiye.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk ƙasar da takardar nan ta riske ka, don ni dai ban san inda kake ba yau. Sunana Hajara, 'yar Zariya, ina zaune a unguwar University Heights cikin Bronx, nan birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ban san kiɗanka ba, ban taɓa taka zauren da kake wasa ba. Da Hausa na rubuta saboda da ita zuciyata ke tafasa, 'yata za ta juya maka zuwa Turanci.

A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, amma yau dole ta sa. Sunansa Iliyasu, ma'aikacin kamfanin ɗaukar kayan kiɗa. Shi ne dogon mutumin nan da fiyanonka ya danne wa hannun dama a zuwanka New York bara.

Na ɗaya, bari in tuna maka. Ranar wasan, da rana, ka gwada fiyanon ka ce sautin bai yi maka ba a inda yake, a hau da shi kan dandamalin tsakiya. Haƙƙinka ne, ban ga laifinka ba. Sai dai rabin ma'aikatan sun fita cin abinci, shugabansu kuma don neman suna a gabanka ya ce waɗanda suka rage su ɗaga haka nan. Ƙafar fiyanon ta zame, ta sauka a kan hannun maigidana. Ya gaya mini kai ka fara isa wurinsa da gudu, ka ba shi farin hankicinka ya tare jinin da ke zuba, kana ta sunkuyawa kana ba shi haƙuri. Ka sa tafinta ya tambaye shi yaya hannun. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce ba komai, lafiya lau.

Na biyu, wannan "ba komai" ita ta kashe mu. Ranka ya daɗe, Bahaushe ko hanjinsa na waje ba zai yi raki a gaban baƙon da ke ba shi haƙuri ba. Iliyasu ya ce ya ga kai yaro ne, sa'an ƙaninsa, ga shi kuma kana da wasa a gaba, shi ya sa ya yi ta maza don kada ya ɓata maka rana. Ya naɗe hannun, ya ƙarasa aikin da hagu. An ce ku ma kuna da irin wannan kunyar a ƙasarku, to ka fi kowa gane abin da nake nufi.

Na uku, ba zan ɓoye maka wautarsa ba. Maimakon asibiti, sai ya tafi wurin wani mai ɗori ɗan garinmu a Harlem, don a gida karaya aikin mai ɗori ce. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya ce in bar shi, zai warke. Kafin ya yarda mu je asibiti hannun ya kumbura ya yi baƙi. An yanke yatsu biyu, sauran ukun kuma ba sa lanƙwasuwa. Likita ya ce akwai aikin da zai iya ceto su, amma jijiyoyin ƙara ƙagewa suke yi, in aka daɗe babu sauran magana.

Aikin nan ba zai yiwu ba sai inshorar kamfanin ta amsa cewa a bakin aiki ya ji raunin. Su kuwa sun ce ina! Wai da bakinsa ya ce lafiya lau a gaban shaidu, ya kuma gama aikinsa ya tafi, don haka a wani wuri ya samo ciwonsa. Haba! Abokan aikinsa duk sun yi gum, ban kuma zarge su ba, kowa abincin 'ya'yansa yake karewa. Mutum ɗaya ne ya ga jinin nan da idonsa wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin, kai ne.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na rubuta wa masu kula da harkokinka. Aka ce kana Berlin. Na sake rubutawa, aka ce kana Seoul kana jagorantar makaɗa. Na sake, aka ce ka wuce Paris. Daga ƙarshe ambulan ya iso, na buɗe, sai ga hotonka riƙe da 'yar sandar da kake juya makaɗa, ka sa hannu a ƙasa. Wallahi zama na yi a bakin matakala na yi kuka. Na fi zaton ba ka taɓa ganin wasiƙuna ba, shi ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Yanzu ga hotonka a tashar jirgin ƙasa, wai kana dawowa garin nan, kullum sai na wuce ta gabansa in zan tafi aiki.

Ga roƙona. Ba sadaka nake nema ba, ba tikiti ba, ba wani hoton ba. Ka rubuta wa hukumar diyyar ma'aikata abin da ka gani kafin ta zauna kan ƙarar da muka shigar: cewa mutanen ba su cika ba aka ce su ɗaga, cewa fiyanon ya faɗa masa, cewa ka ga jini. Layi kaɗan ne, ba zai hana ka kama jirgi ba. Sannan ka tambayi mutanenka dalilin da ya sa kukan mace ya zo ofishinsu suka amsa da hoto.

Iliyasu bai san na rubuta wannan ba, in ya ji zai ce na tona masa asiri. To asirin ke nan: mutumin da kowace Juma'a gidanmu ke cika da abokansa a ci tuwo kwano ɗaya, yanzu ya hana su zuwa. Ba zai iya sa hannun hagu a kwanon mutane ba. Ɗaki yake shiga da abincinsa ya turo ƙofa, ko 'ya'yansa ba ya yarda su ga yana ci. Ni nake tsayawa a bayan ƙofar ina jin cokali na faɗuwa.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya kai ka ƙasashen da ba ka taka ba tukuna, ya tsare iyayenka da ganin abin da nake gani. Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani.

Wassalam.

Hajara, matar Iliyasu,
University Heights, Bronx.