Ba Kitsen Ragona Ne Ya Toshe Bututunku Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban buron da ke duba tallafin magudanar ruwa na garin nan namu.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina aiki, ina iyali? Ni ne Alhaji Mamman Na Maradi, mai gida a East Greensboro, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Wendover. Lakwal aji uku na yi, rubutuna sai haƙuri, amma magana kam ba a fi ni ba. Wani Malami na jami'a zai juya maka wannan da Turanci. Ta Hausar kuma zan liƙa ta a kantin nama, kowa ya gani.

Ga abin da ya faru. Watan Yuli aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ruwan bayan gida ya biyo bututu ya dawo mini ɗakin ƙasa, har idon sawu. Katifa uku, kafet, darduma, da kaset-kaset ɗina na gida, duk sai bola. Na ji kuna taimaka wa masu gida da kuɗin sa bawul mai hana ƙazantar dawowa. Mai gyaran famfo ya ce dala dubu da ɗari biyu. Na cika fom. Kuka aiko mutuminku, ya sauka ƙasa, ya ga manyan tukwanena guda huɗu, ya rubuta wai maiƙo nake zubawa a magudana. Aka hana ni.

1. Tukwanen nawa ne, ban musa ba. Duk Babbar Sallah gidana ake kawo naman layya a soya, don daga nan har Sedgefield ba mai hannuna. Bara raguna tara suka bi ta tukwanen nan, ba wanda ya ƙone. Matan garin ma tsayawa suke suna kallon yadda nake juya matsami.

2. Amma Ranka ya daɗe, wa ya taɓa zubar da man layya? Mutuminka bai san mu ba ne. Kitsen nan idan ya narke kakide muke ce masa. Tace shi ake a zuba a kwalba, a sa a miya, a sa a wake da shinkafa, lokacin sanyi a shafa a faso. Kowane mai rago sai ya zo da kwanonsa ya karɓi rabonsa, har cacar baki ake idan na wani ya fi na wani. Ƙasan tukunya kuwa da burodi ake share shi. Wanda duk ya tuntsurar da kakide a rariya a gaban Hajiya Rabi, matata, wallahi ko kwana ba zai yi a unguwar ba. Yanzu haka kwalba shida na cikin firiza. Da ya tambaya da na buɗe masa, har in ɗiba masa ɗaya.

3. Layya cikin tsakiyar sanyi aka yi ta. Ƙazanta ta dawo cikin zafi, ranar ruwan sama. Wata shida kitsen yana zaune a bututu yana jiran hadari ke nan? Sannan maƙwabciyata, tsohuwa mai zuwa coci, ko albasa ba ta soyawa saboda hawan jini, ita ma ranar da bokiti ta wuni. Ragon wa ya toshe nata?

4. Wannan shi ne babba, a nan ba wasa. Ɗakin ƙasan nan masauki ne. Shekara bakwai duk wanda ya sauko daga Nijar bai san kowa ba, lambata ake ba shi tun daga Yamai. Ya kwana ƙasa, ya ci tuwon Hajiya, har ya samu aiki ya kama ɗakinsa. Wasunsu yau sun fi ni mota. Ranar da abin ya faru dattijo ne a ciki, Malam Isufu, ya dawo sallar la'asar ya tarar da jakarsa na iyo, da takardunsa a ciki. Ya naɗe wando ya taya mu kwasa. Ni da ba a rufe mini baki, ranar ban iya kallon idonsa ba. Hajiya ta wanke ɗakin sau uku da hannunta, sannan ta rantse ba baƙon da zai sake kwana ƙasa sai an sa bawul. Kuma gaskiyarta. Ba ka ajiye mutum inda najasa za ta iya tarar da shi kan darduma.

Saboda haka roƙona biyu ne. A sake aiko mai dubawa, ya zura kyamarar nan taku cikin bututu tun daga gidana har titi, a gabana da gaban maƙwabciyata. In ya ga maiƙo, na yarda a hana ni. In bai gani ba, a goge abin da aka rubuta a kaina, a ba ni tallafin kamar kowa. Na san ba zai gani ba, shi ya sa har na sa mai gyaran famfo ya auna wurin da za a sa bawul ɗin.

A hanzarta don Allah, domin akwai wani malamin makaranta daga Tasawa da zai sauka farkon wata mai zuwa. Ya kira ni, na ce masa zo, ɗaki na nan. Hajiya ba ta sani ba tukuna, a kantin nama za ta karanta tare da kowa. In kun ƙi, to ku aiko wanda zai tsaya gabanta ya yi bayani, ni ranar ina da aikin safe.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka lafiya, ya tsare gidanka daga abin da na gani a nawa.

Wassalam.

Alhaji Mamman Na Maradi