Sharaɗin da Na Gindaya wa Suga

Da sunan Allah nake farawa. Amma kafin rabon kaya, ga kacici-kacici, 'ya'yana: mene ne yake cikin kowace waƙa da muka yi, ba shi da murya, ba a taɓa rubuta sunansa a bangon faifai ba, amma ranar da ya ajiye aiki waƙa ta mutu? Kada wanda ya leƙa ƙarshen takarda. Babba, da kai nake.

Ni ce uwarku, wadda duniya ta sani da Gishiri. Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafa ce ta kumbura, numfashi ya gajarce, amma kai lafiya lau. Likita ya tambaye ni ko na san yau wace rana ce, na gaya masa, na ƙara masa da ranar da ya fara rina gashinsa. Aji huɗu na yi a makaranta, wanda ya ga kuskuren rubutu ya haɗiye abinsa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Ban ƙara wa kowa ba, ban rage ba.

Na biyu. Shuɗiyar rigar babanku, wadda ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, ta Babba ce. Kada a wanke ta. Ku san darajarta. Sati uku da rasuwarsa ina shara na ɗago kai na gan ta, aljihun a buɗe, biro a ciki, kamar zai shigo ya zura. Nan na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu, ban tashi ba sai da na gama "Riga a Kan Ƙusa". Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na uku. Tarihinmu, don jikoki su ji daga bakina, ba daga talabijin ba. A otal muka haɗu da kawunku Suga. Ni ina guga a ɗakin wanki, shi yana kai faranti. Yakan tsaya bakin ƙofa ya ɗora muryarsa a kan tawa. Ranar da mawaƙin otal ya yi fushi ya tafi, manaja ya tura mu gaban makaɗa, ya dubi tebur ya ga gishiri da suga, shi ke nan aka raɗa mana suna. Makirufo ɗaya otal ɗin yake da shi, don haka muka saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ni a damansa, cikin doguwar riga mai jan ƙasa. Haka muka tsaya shekara goma sha tara.

"Tikitin Dawowa" ce ta fara fitar da mu. Sai "Kar Ka Kashe Fitila", wadda ba shagon aski ko motar haya da ba a sa ba. "Bari Ruwa Ya Tsaya" ta haɗa auren da ban san iyakarsa ba, wasu ma'auratan har yau ba su yafe min ba. Amma "Riga a Kan Ƙusa" ta fi su duka. Akwai wurin da kiɗa yake ɗaukewa cak, a yi shiru na bugu bakwai, sannan Suga ya faɗo da muryar nan tasa ta sama. Na ga ƙatti suna share hawaye a wurin nan.

Ba zan ci amanar gaskiya ba: Allah ya ba shi murya. Abin da bai ba shi ba shi ne lissafin kiɗa. Bai san inda ake shiga ba. In ka bar shi, kiɗa na gabas shi yana yamma. Ni nake shigar da shi, baiti bayan baiti, kuma ko makaɗanmu ba su sani ba. Kun tuna ɗingishin da yake yi in mun sauko daga dandamali, har samari suka mayar da shi yayi suna cewa tafiyar Suga? To.

Da ya ga hotonsa ya fi nawa girma a allon talla, sai ya ce ya girmi tsayuwa kusa da mace. Ya tafi shi kaɗai. Tun daga ranar bai sake waƙa da makaɗa na gaske ba. Faifai ake sa masa yana motsa baki. Ban tona ba. Na ce kowa ya ci abincinsa.

Sai bara ya zauna a talabijin, da haƙoran da ya sayo, ya ce ni 'yar amshinsa ce. Wannan na haɗiye. Sannan ya dafa ƙirji ya ce shi ya rubuta "Riga a Kan Ƙusa", wai wata ma'aikaciyar jirgin sama ce ta bar masa riga ta gudu. Rigar babanku. Mutumin da ya yi ta ɗauko shi a babur zuwa gwajin waƙa ba tare da ya taɓa gajiya ba. Wannan ban yafe ba, kuma ban ce ku yafe a madadina ba.

Na huɗu. Lauya da Auta, shekara guda ke nan ba ku gaisa ba. Ke kina son ki maka Suga a kotu, kai kuma kana buga masa ganga ta ƙarya a bayan faifai don ka ciyar da iyalinka. Ku duka kun yi min daidai. Lauya, ajiye takardun nan, kotu ta yi masa sauƙi. Ki je gidan ƙaninki ki ci abincin matarsa, ko da gishirin ya yi yawa kamar kullum.

Na biyar, kuma nan ne zancen. Suga ya zo asibiti da lemo, yana gaishe ni yana auna numfashina da ido. Na san ya riga ya kama zaure don taron tunawa da ni, kuma yana so jikata Mai Satar Kwalli ta tsaya a gurbina. Littafin waƙoƙina da izinin rera su na bar wa Lauya. Ki ba shi izini, da fara'a, amma a rubuce, da sharaɗi uku. Makaɗa na gaske, ba faifai. Makirufo biyu, taku biyar tsakaninsu. Kuma a buɗe taron da "Riga a Kan Ƙusa". Girman kai ba zai bar shi ya ƙi sa hannu ba.

Auta, kai za ka riƙe ganga. In shirun nan ya zo, idonka a ƙasa. Kada ka gyaɗa kai, kada ka ɗaga gira, kada ka yi tari. Na san zuciyarka, tun kana yaro kake sakin ɓeran da aka kama. Ku bar shi ya tsaya cikin bugu bakwai ɗin nan shi kaɗai, gaban jama'a, yana lalube.

Ƙofa ɗaya na bar masa. In ya juyo ya gaya wa mutane da bakinsa wa ya rubuta waƙar, kuma rigar wa ce, to Mai Satar Kwalli ta yi taku biyar ɗin nan ta tsaya a damansa ta cece shi. In bai faɗa ba, ta rera baitinsa da nata, ta fi shi numfashi. Jajayen takalmana masu tsini na cikin akwatin ƙarƙashin gado. Naki ne, jikata 'yar nema. Ki saka su ranar.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku yafe min bakina. Ku zauna a layi ɗaya a zauren nan, ku koma gida a mota ɗaya, kuma bayan taron ma kada ku watse. Wanda ya makara a cikinku, na kusa da shi ya shigar da shi, kada a bar shi yana lalube.

Amsar kacici-kacicin kuwa: diddigen takalmina na hagu ne, a kan babban ɗan yatsan ƙafarsa ta dama.