Akun da Ya Riƙe Muryarka

Al Aziziya, Doha

Zuwa ga mijina, Abban Yusra,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, na kuma san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda inda kake. Amma ka san halina, idan abu ya fi ƙarfina alƙalami nake ɗauka. Yau abu ya fi ƙarfina.

Na fita takaba makon jiya. Da a Zariya muke, da yanzu ina zagaya gidajen dangi ana yi mini barka da fita. A nan gidan wa zan je? Sai na tuna alkawarin da ka yi wa yara, cewa idan zafi ya sauka za ka sake kai su tsibiran da muka je bara. Ranar Asabar na cika maka shi.

Kafin nan ga labarin gida. Makarantar da nake koyarwa ta karɓi nauyin izinin zamanmu a ƙasar nan, don haka ba za a kore mu ba. Yusra ta yi tsawo, har ta iya tuƙa tuwo. Halilu ne damuwata. Tun ranar da maza suka dawo daga maƙabarta bai sake furta kalma ɗaya ba. Likita ya ce harshensa lafiya, kunnensa lafiya. Makarantarsu kuwa ta ce idan bai buɗe baki ba kafin ƙarshen zango, za a cire shi daga ajinsu. Ni da ake kawo wa 'ya'yan mutane masu nauyin baki, in yi ta waƙa da tafi har su saki jiki, na kasa da ɗan cikina. Na gwada zane, na gwada tatsuniya, na gwada roƙo. Kallona kawai yake yi ya sunkuyar da kai.

Wurin zamansa ɗaya ne, gaban kejin akunka. Ka tuna faɗan da na yi ranar da ka shigo da tsuntsun nan daga kasuwa? Na ce ka mayar da shi, ƙazanta da surutu ne kawai. Yanzu shi ne ya rage mana da muryarka. Idan aka buɗe ƙofa sai ya yi sallamarka, har da gyaran muryar da kake yi. Wani lokaci ya ce, Halilu, yalla, mu tafi masallaci, har da yallar nan taka ta Larabawa mai nufin taho. Amma ya fara mantawa, Abban Yusra. Da kullum yake faɗa, yanzu sai a yi kwanaki bai faɗa ba.

Mun tafi tare da Hajiya Mariama, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, da mijinta da yaransu. Halilu ya ƙi shiga mota sai da aka saka kejin, ita ma Yusra ta ce to magenta ba za ta zauna gida ba. Haka muka hau jirgin katako da aku da mage a kwando da kular shinkafa da wake, matuƙin yana ta yi mana dariya.

A tsibiri na farko ba komai sai farin yashi da tsuntsayen ruwa. Yara suka bi ƙaguwa da gudu, magen ta taka jiƙaƙƙen yashi ta koma kwando tana kaɗa ƙafa. Na ce a raina, yau Halilu zai yi dariya. A nan ne fa ka ɗora shi a wuya ka shiga ruwa da shi yana ihu. Amma wannan karon bai ko cire takalmi ba. Ya zauna a inuwar rumfar jirgi da kejin a cinyarsa.

Da muka kusa tsibiri na biyu matuƙin ya kashe inji don mu ci abinci. Wuri ya yi tsit. Sai akun ya kwaikwayi ƙarar famfo, ruwa yana zuba. Yaran Hajiya suka fashe da dariya. Daga nan sai akun ya fara kuka, kukan mace da ta toshe bakinta da mayafi, har da jan numfashin.

Kukana ne, Abban Yusra.

Kullum bayan sallar asuba nakan shiga kicin in buɗe famfo don kada yara su ji. Masu gaisuwa sun ce mini in yi haƙuri, kada in yi kuka a gabansu, ni kuma na bi. Ina fitowa da murmushi, ina haɗa musu shayi, ban taɓa ambaton sunanka ba don kada in tayar musu da hankali. Ashe tsuntsu yana ji. Idan tsuntsu ya ji har ya haddace, yaron da yake kwana kusa da shi fa? Hajiya ta sunkuyar da kai, Yusra ta juya tana kallon ruwa. Halilu ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai yi ba tun rasuwarka. Shin ni na koya masa cewa a gidanmu ba a maganarka? Darasin da ya ɗauka a wurina ke nan?

A hanyar dawowa, da dogayen gine-ginen unguwar Dafna ta bakin teku suka fara bayyana, na ga leɓen Halilu yana motsi a jikin kejin. Na matsa a hankali. Raɗa yake yi: Halilu, yalla, mu tafi masallaci. Ya faɗa, ya jira, ya sake faɗa, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Koya wa akun yake yi don kada ya manta ka. Na ji muryar ɗana, wallahi na ji ta. Da ya ankara da ni sai ya rufe baki, kuma har yanzu bai sake buɗewa ba.

Me zan yi? Ba mu da kaset ɗinka ko ɗaya. Idan tsuntsun nan ya mance, ko ya mutu, da wa yaron zai yi magana? Kai ne ka iya da Halilu. Me ya sa ban taɓa tambayarka abin da kuke faɗa a hanyar masallaci ba? Ban kuma taɓa gaya maka cewa sallamar nan taka ita nake jira tun la'asar ba. Kunya ta hana ni, ga shi yanzu a bakin tsuntsu nake jiranta.

Gobe da asuba ba zan buɗe famfo ba. Zan zauna kusa da Halilu a gaban kejin, in kira sunanka, in yi kukana yana gani. Ban san ko zai yi mini magana ba, kuma ba ni da wata dabara bayan wannan.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya buɗe mini bakin ɗanmu.

Taka har abada,
Maman Yusra da Halilu