Takardun Jarrabawa Arba'in da Shida

Tungan Maje, Abuja,
Asabar, 18 ga Yuli.

Zuwa ga Yayata Zahra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da dukkan mutanen gida a Malumfashi. Yaya ƙafar taki? Ina fatan kina shafa maganin da na aiko, ba ajiye shi kika yi a bayan kwalla kina jiran ya yi aikin daga can ba. Yaya damina, yaya 'yarki Fadima da jaririyarta? Allah Ya raya ta, Ya sa mahaddaciya ce. Mu ma nan lafiya lau, ruwa sai godiya, har ya fara isar mu. Ɗana Mubarak yana Minna yana fama da karatu, ya ce in gaishe ki, kuma wai har yanzu yana jiran kilishin da kika yi masa alkawari.

Saƙonki ya iso ta hannun Ɗangoggo direba, tare da daddawa da kukar miya, na gode Allah Ya bar zumunci. Na kuma karanta abin da kika sa aka rubuto, cewa an share mini ɗakin Inna na kusa da rijiya, an shafe shi da farar ƙasa, in tattara in dawo gida, wai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ban ga laifinki ba. Ni na kira ki ranar Alhamis ɗin waccan ina kuka ina cewa aikina ya ƙare, sannan na kashe waya ban yi miki bayani ba. To yau ga bayanin, kuma ki gyara zama, domin ni kaina murna ta hana ni taƙaitawa.

Kin san shekara goma sha tara ke nan ina buga takardu a makarantar nan, kuma kwamfutar da ke teburina ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna. Kowace kwamfuta, Yaya, akwai wani tsari a cikinta da ke tafiyar da ita, shi ke nuna miki inda komai yake. Namu sunansa Windows, kuma irin wanda muke da shi masu shi sun daina kula da shi tun bara, sabon kuma ya fi ƙarfin tsofaffin injinanmu. Sai Malam Zacharias, malamin kwamfutarmu, mutumin Kafanchan, ya ba shugabar makaranta, Madam Prudence, shawarar a sa wani tsari da ake kira Linux, wanda kyauta ne kuma ba ya raina tsohon inji. Madam ta yarda. A taron ma'aikata kuma ta faɗa, tana kallon silin, cewa duk wanda ya kasa tafiya da sabon tsari sai dai a yi haƙuri da shi a ƙarshen zango. Ba ta kira suna ba, amma kowa ya san 'yar ƙanenta Kindness ta gama difloma tana zaune a gida, kuma kujera ɗaya ce ta mai buga takardu a makarantar.

An sa wa duk kwamfutocin ɗakin yara sabon tsarin, tawa ce ta rage. Malam Zacharias ya so a bari sai an gama jarrabawa, ni ce na ƙi, don kada a ce tsoro nake ji. Ranar Laraba ya zo ya tambaye ni ko takarduna a shirye suke, na ce masa tsaf, ko ido rufe na san inda kowace take. Gaskiya na faɗa, sai dai abin da nake nufi daban, abin da ya ji daban. Ni ban taɓa zuba takarda a irin jakar nan ta cikin kwamfuta ba. Duka a fuskar allo nake baza su, fiye da ɗari biyu, kamar yadda Inna ke baza kayan miya a faifai. Kusurwar sama ta hagu 'yan aji ɗaya ne, ana gangarowa aji na ƙaruwa, na bana suna dama, na bita suna tsakiya, na shekarun baya suna ƙasa. Suna kuwa duk abin da ya zo bakina nake sa musu: sabo, sabo biyu, wannan, na Malam dogo, kada a taɓa, na ƙarshe, na ƙarshe sosai. Ban damu da sunan ba tunda mazaunin nake bi.

A ranar ya sa wa kwamfutata sabon tsarin. Da safiyar Alhamis na kunna, kafin in ajiye jakata har ta gama tashi. Da kuwa sai in kunna in je in sayo kunu a bakin titi in dawo tana miƙa. Allon ya fito fes, kore shar, ba ko takarda ɗaya a kai. Malam Zacharias yana murmushi ya nuna mini wata jaka guda, ya ce komai nawa yana ciki, ko ɗaya bai ɓata ba. Na buɗe, sai ga su an jera su bi da bi bisa haruffan sunayensu, kamar yara a layin asambali. Jarrabawa ranar Litinin, takardu arba'in da shida nake bukata, kuma kowane darasi na kowane aji yana da kwafi huɗu ko biyar masu kai iri ɗaya, domin ba na rubuta shekara a jiki, hatimin makaranta ke sa kwanan wata bayan an buga. In na ɗauki na bita na ba yara, tambayoyin da suka riga suka haddace ne. Rubutun hannun malamai kuwa babu shi, don dokar Madam ce, tun da aka taɓa satar amsa, cewa da na gama bugawa sai a ƙone na hannun a bayan ofis, kuma malami ba ya sake ganin takardarsa sai a ɗakin jarrabawa.

Malam Zacharias da ya gane abin da ya faru, gumi ya karyo masa. Ya yi ta ba ni haƙuri yana cewa Mama da ya sani da ya ɗauki hoton allon da waya, kuma zai je ya gaya wa Madam laifinsa ne. Na hana shi. Bawan Allah ya tambaye ni, ni na amsa da bakina. A ranar na buɗe takarda ta fi sittin, ina karantawa ina ƙara ruɗewa, don tambayoyin lissafin aji huɗu na bana da na bara duk mangwaro ake rabawa. Bayan an tashi ne na fita bayan ofis na kira ki. Abin da ya fi ci mini rai ba rasa aikin ba ne kaɗai, a'a, a ce ban iya ba, ni da na koya wa rabin malaman nan inda harafin A yake.

Ranar Juma'a na riga mai shara zuwa. Na ce tunda dai tafiya zan yi, bari in taɓa duk abin da ke jikin allon nan, me ya rage a ɓata. Akwai wasu 'yan alamomi a saman jakar, na danna ɗaya, sai takardun suka sauya tsayuwa suka koma jeri mai layi-layi, kuma a gefen kowace ga ranar da na yi mata taɓawar ƙarshe, har da ƙarfe nawa. Na danna kan layin ranakun, sai suka bi juna daga ta jiya har zuwa ta shekarun baya. Na shekarun baya duk suka gangara ƙasa da kansu. Saura guda tamanin da wani abu na watan jiya da wannan, na jarrabawa da na bita a cakuɗe. Nan fa na ji zuciyata ta fara dawowa mazauninta, domin ke kin san ni, ba na riƙe lamba amma ba na manta rana.

Na ɗauko wayata na duba ranar da kika kira ni kina guɗa cewa Fadima ta sauka. Talata ce, kuma na tuna sarai ina tsaka da buga Turancin aji shida na jarrabawa, har na rubuta kalma ɗaya sau biyu don murna. Na duba jerin, ga takardu uku a ranar, duk na aji shida. Ranar suna kuma, da ban samu zuwa ba na zauna ina haushi, na bita na buga tun safe har azahar, don aikin da ba ya son natsuwa na zaɓa. Ranar da iska ta yaye kwanon rumfar masu babur na buga na aji biyu. Ranar da motar tumatir ta faɗi a kwanar Zuba malamai suka makara, na aji uku ne. Makon da na yi mura na 'yan ƙaramar sakandare. Haka na yi ta bi, ina ware su ina sa wa kowace suna na mutunci, aji da darasi da zango, ina zuba su a jaka. Ina yi ina dariya ni kaɗai, har mai shara ta leƙo ta tambaya ko an yi mini albishir ne.

Guda ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, kimiyyar aji biyu na sakandare, kwafi biyu a rana ɗaya, ɗaya ƙarfe sha ɗaya da rabi, ɗaya uku da kwata. Na daɗe ina kallonsu. Can na tuna Malama Rosemary mai darasin ba ta taɓa kawo takardar jarrabawa kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ba, kullum da gudu take shigowa tana cewa Hajiya abeg a taimaka. Na ɗauki ta uku da kwata na ce bismillah. Kafin masu zuwa masallaci su dawo na haɗa arba'in da shida cif, ranar Asabar muka buga muka sa hatimi. Ranar Litinin na laɓe a tagar ajin ina kallon fuskar Malama Rosemary lokacin da ta buɗe ambulan. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta fara rabawa. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba, har yaran bakin taga suka waiwayo.

Abin dariya, da na nuna wa Malam Zacharias abin da na gano ina ta fankama, sai ya ce ai tsohon tsarin ma yana da wannan jerin ranakun. Shekara goma sha ɗaya yana gabana ban taɓa leƙawa ba, saboda na saba da hanyata. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu kuwa ba inda ba na leƙawa. Wurin rubutun nasa kusan ɗaya ne da wanda na sani, yatsuna ba su yi baƙunta ba ko kaɗan. Ba ya yarda a saka masa sabon abu sai ya tambayi kalmar sirri, kamar maigadin gidajen masu kuɗin unguwar Maitama, kuma hakan ya burge ni. Akwai ma wata baƙar taga da ake rubuta wa injin umarni kai tsaye ba tare da danne-danne ba. Malamai tsoronta suke ji, ni kuwa da na koyi aiki a kan tafireta nan na fi jin daɗi. Umarni huɗu na iya zuwa yanzu, na rubuta su a bayan kalanda, kuma kullum sai na roƙi Malam Zacharias ya ƙara mini ɗaya. Wannan wasiƙar ma a kansa na buga miki ita.

Ban ɓoye wa Madam ba. Ranar Laraba na shiga ofishinta na ba ta labari tun daga bazawar da nake yi a allo har zuwa kukan bayan ofis, don gara ta ji daga bakina. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta cire tabarau ta goge, ta ce in je ta ji. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kin san ta, yabo ba ya fita bakinta ko da kuskure. Jiya ana shirin tashi ta shigo da wani fayil ta ajiye a teburina, ta ce jadawalin zangon Satumba ne da sunayen sababbin ɗalibai, tana son in fara da wuri, kuma idan an dawo hutu in riƙa zama da malamai duk ranar Laraba ina nuna musu yadda ake adana takarda a sabon tsarin, tunda na ɗanɗana kuɗar rashin yi. Ta juya ta fita. Na zauna ina shafa fayil ɗin nan kamar wadda aka ba kujerar Makka. Wanda za a sallama a Yuli ba a ba shi aikin Satumba.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ina neman addu'a. Ki gaida Fadima da maigidanta Badaruddeen, ki sumbaci jaririya, ki ce mata ranar haihuwarta ta yi wa kakarta ta Abuja rana. Ki gaida Halimat da yaranta, da Baba Amir na bakin kasuwa, da duk wanda ya tambaye ni. In Allah Ya yarda zan zo hutun nan in yi mako biyu, in ci tuwonki in ga ƙafar nan da idona. Amma ɗakin Inna, Yaya, kada ki bar shi a rufe yana jirana. Na san da ƙauna kika share shi, kuma har na mutu ba zan manta ba. Ki ba Fadima ta sa keken ɗinkinta a ciki, ni da sauran aiki a gabana.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki Hussaina.