Kamu Biyu da Yatsa Huɗu

Malbaza, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Kaltume,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya bayan naki, ya lafa? Yaya 'yarmu Bushira da karatun lakwal? Ki gaishe mini da Yaya Almustafa, ko da da ka kawai zai amsa. Ni lafiyata lau, sai kewa.

Na ba Sharifu direba takardar nan saboda wayar gidanku a aljihun Yaya take kwana, ni kuma ba na so maganar nan ta bi ta kunnensa tukuna.

Ba ki manta abin da ya faru a zaurensa ba, bayan an sallamo ki daga asibiti. Ya ce mini, "Ƙanwata ba ta kwana rumhwar kara cikin garka, ga ta ba ƙahwa. In ka samu ɗaki, ka zo ka ɗauke ta." Ni kuma da zuciyata da kika sani, na rantse ba zan sake taka garinku Tajaye ba sai da ɗakin. Sai da na fito na tuna irin aikina. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ina bin garake a kwarin Badaguishiri ina gyaran injin ban ruwa, yau nan, jibi can. Ɗakin ƙasa ba ya bin mutum. Shekara biyu ke nan ina juya maganar, kuma abin da na gano shi ne dole ɗakin ya kasance mai taya.

Ga inda aka kwana. Tsohuwar bashe ɗina, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta tashi, har hayaƙin ya ragu. Na samo farantin nan da tirela ke ɗora wuyanta a kai, daga wata motar siminti da ta mutu a garajinmu. Na rage shi, na yi masa walda a tsakiyar bayan bashe. In ɗaki ya ɗora wuya a kan faranti ba ya wutsil-wutsil kamar amalanke, kuma bayanki ba zai sha jijjiga ba. Na gwada ƙera ɗakin da kaina da ƙarfe da kwano. Ya yi nauyi, kuma da na shiga da azahar na fito kamar an tsamo ni daga rijiya. Na kwance shi.

Abin da nake nema yanzu shi ne irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja, wanda ake ce wa karaban. Bangonsa yana da abin tare zafi a ciki. Ƙarami nake so, don bashe ba ta da ƙarfin babba. In na samu, zan yanke bangon baya in yi ƙofa mai saukowa ƙasa, ki hau ta da kekenki har ciki ba wanda ya ɗauke ki. Gado a gaba, keke da kayan aikina a baya.

Saboda haka ki auna mini faɗin sabon keken hannun da aka ba ki a Illela, daga tayar baya zuwa 'yar'uwarta, tunda ban taɓa ganinsa ba. Ki ba Sharifu amsa ranar Asabar.

Ki huta lafiya.
Naki, Buba

Malbaza, 15 ga Oktoba

Kaltume,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Bushira da mutanen gida. Na ga takardarki. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kin ce keke kamu biyu ne da yatsa huɗu. Na shimfiɗa hannuna a kan sanda na auna haka, na yanke ta, ita nake yawo da ita kamar makiyayi.

Ban zauna ba. Karaban uku na gani cikin mako ɗaya, ni da nake zaton babu ko ɗaya a ƙasar nan.

Na farko yana Konni, wajen hanyar iyaka. Gida ne guda, har da wurin wanka. In na ɗora wa bashe shi, tayoyinta na gaba za su bar ƙasa. Mai shi ya yi ta bina yana cewa, "Oga, wanga ai na manya na." Na ce masa shi ya sa ba nawa ba ne. Na biyu yana Illela, a bayan wani tsohon buro, wato ofis. Daga waje kyakkyawa. Ina sa ƙafa ciki, daɓen ya burma da ni har gwiwa, gara ta gama da shi tun tuni.

Na ukun ne ya hana ni cin abinci. Yana Konni cikin gari, a gidan wata dattijuwa, Hajiya Shatu. Marigayi mijinta ya yi wa wasu Turawa masu haƙar rijiya tuƙi, da za su tafi suka bar masa shi. Tantabaru take kiwo a ciki. Kaltume, kamar don ni aka yi shi. Gajere ne, marar nauyi, wuyansa irin na ɗorawa a faranti, ƙarfen ƙasansa bai yi tsatsa ba, ga taga biyu suna kallon juna. Na tsaya a ciki tantabaru na tashi a kaina, ina ta hango inda gado zai zauna.

Sai na sa sandar. A cikin ɗakin akwai tudu biyu, dama da hagu, inda tayoyi suke a ƙarƙashi, kuma dole keke ya wuce ta tsakaninsu. Sandar ta ƙi shiga. Na juya ta, na karkata ta, ta fi wurin da taki guda. Bango ana yankawa, kabad ana cirewa, amma wurin taya ba a taɓa shi.

Na ce wa Hajiya ba zai yi ba. Ta ce to shi ke nan, da ma masu sayen tsohon ƙarfe sun dame ta, za ta ba su ranar Laraba su farfasa.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Masu garka sun fara kirana, an kusa dashen albasa. In na shiga kwari ba ɗaki, sai kuma wata shekara. Ki sa mu cikin addu'a.

Naki, Buba

Konni, 17 ga Oktoba

Zuwa ga Kaltume,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. A shagon wani tela nake rubuta wannan, a kan gwiwata, don Sharifu yana tasha zai tashi bayan la'asar. Ki yi haƙuri da rubutun.

Yau na koma gidan Hajiya Shatu in roƙe ta ƙarfen wuyan karaban kafin a farfasa shi gobe, ko zai yi mini amfani nan gaba. Na same ta tana watsa wa tantabaru gero. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai da kac ce ba ka so, mi ad dawo da kai?" Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina ba ta labarinmu tun daga farko. Yadda kike bina garka a bayan moto, babur ɗin nan nawa, kina sayar da irin albasa da na kabeji. Yadda saniya ta faɗo mana hanya a gangaren nan, ni na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, ke ba ki tashi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina cewa gudu nake yi ranar ba, sai ita.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce in nuna mata awon. Na ba ta sandar, na ce kamu biyu da yatsa huɗu. Ta dubi sandar, ta dube ni, ta ce, "Kamun wa?"

Ashe shekara talatin ta yi tana sayar da yadi a kasuwar Konni. Ta ce a zamaninta mai saye da wayo yakan zo da ɗan'uwansa dogo ya yi masa awo, mai sayarwa kuma ya kira gajere. Ta tambaye ni ko matata ta kai ni tsawo. Na ce da kyar kike kai mini kafaɗa. Sai ta jawo hannuna ta jera da nata, gwiwa da gwiwa. Yatsunta a tsakiyar tafina suka tsaya. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Ita ta auna da nata, kai ka auna da naka. Keken raƙumi kaz zo nema ma wuri."

Kaltume, ni ne mai walda. Ni ne mai yawo da mita a aljihu, mai yi wa mutane faɗa in sun kawo mini awon ƙofa da igiya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Amma ba kunyar sana'a ce ta fi damuna ba. Da na shimfiɗa hannuna a kan sandar nan, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa naki ya fi nawa ƙanƙanta. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da rigata a bayan moto. Na daɗe ban gan ki ba har na manta girmansa, kuma ba Yaya ne ya jawo haka ba, ni ne.

Hajiya ta auna tsakanin tudun nan da nata hannun, ta ce a ganinta zai shiga, amma kada in sake yarda da hannun kowa. Ta aika wa masu ƙarfe cewa su dakata mako guda. Don haka ki samo tsohon zane, ki yage tsiri, a miƙe shi daga wajen taya zuwa wajen taya, a yanke daidai. Kada ki ƙara, kada ki rage. Ki ba Sharifu da kansa.

Naki, Buba

Malbaza, 29 ga Oktoba

Zuwa ga matata Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da begen ganinki, ina fata kuna lafiya, ke da Bushira, da Yaya Almustafa da dukan iyalinsa. Wannan karon ki gaishe shi da kyau, ki ce ƙaninsa Buba ne.

Ya shiga.

Tsirin zanenki ya iso ranar Asabar ta makon jiya. Ban tsaya cin abinci ba, na kama hanyar Konni. Hajiya ta riƙe baki ɗaya, na riƙe ɗaya, muka miƙe shi tsakanin tudun nan biyu. Ya kwanta lafiya lau, har da ragowar yatsa uku kowane gefe. Nawa yatsun, kafin ki tambaya. Na auna da mita sau biyu, sannan na zauna a daɓen cikin kashin tantabaru na yi ta hamdala. Wani nauyi da na saba da shi har na daina jin sa, ranar na ji ya sauka.

Hajiya ba ta yarda mun yi ciniki ba. Ta ce in ƙera wa tantabarunta gida na ƙarfe mai ƙafa huɗu wanda muzuru ba zai hau ba, in ɗauki nawa in tafi. Kwana biyu na yi a kansa, kuma ban taɓa yi wa ɗan Adam aiki mai kyan wannan ba. Da na ja bashe da baya, wuyan karaban ya hau faranti ya kama, sai da na kashe mota na ɗan zauna. Daga Konni zuwa Malbaza na zo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Jandarma ya tsayar da ni a hanya, ya zagaya shi, ya leƙa ta taga, ya tambaye ni ko asibiti ne. Na ce a'a, gida ne.

Na wanke shi sau uku, amma in rana ta yi zafi har yanzu yana tuna tantabaru. Na yanke bangon baya. Ƙofar tana saukowa a hankali, na sa mata sarƙa biyu, na shimfiɗa mata katako mai tsagi don kada taya ta zame. Na hau ta da baro cike da buhun siminti biyu, ko motsi ba ta yi ba.

Sharifu ya gaya mini wanda ya riƙe miki ɗaya bakin zanen da kuka yi awo. Ya ce Yaya ne ya durƙusa da kansa a gindin keke, har yana faɗa a ja da kyau kada a cuci mutum.  Na shekara biyu ina shirya maganganun da zan mayar masa, yanzu duk sun bi ruwa.

Sai 'yar takardar da kika naɗe cikin zanen. Kin ce ke ba ki taɓa neman ɗaki ba, ko rumfar kara ce da kin biyo ni, kuma da ni da Yaya ba wanda ya tambaye ki. Gaskiya ne. Na karanta, na ji zafi, na kuma ji daɗi, don na daɗe ina tsoron ko kin fi son zamanki can. Ki yafe mini. Bushira za ta zauna wajen Yaya har hutun lakwal kamar yadda kika ce, ba zan yi gardama ba.

Ina tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda, bayan an sauko daga masallaci. Amma kada ki sa ran ganin ɗaki gamamme. Ban kafa kantar ajiye kaya ba, ban ɗaura marikin taga ba, ban sa maratayin buta ba, ko tsawon gadon ban yanke ba. Duk suna nan a ƙasa a jere, kuma na ɗora injin walda a mota. Za ki hau da kekenki ki zauna a ciki, ki miƙa hannu. Inda ya kai, nan zan kafa.

Sai na zo.
Mijinki, Buba